Shekara Huɗu da Rabi a Gaban Kwamfuta: Eric Barone da Wasan da Ya Ƙera Shi Kaɗai



Ranar 26 ga Fabrairun 2016, wani saurayi ɗan shekara 28 mai suna Eric Barone, mazaunin yankin birnin Seattle a jihar Washington ta Amurka, ya saki wani wasan kwamfuta a kasuwar wasanni ta intanet da ake kira Steam. Sunan wasan Stardew Valley, kuɗinsa dala 15. Wannan saurayi ba shi da ofis, ba shi da ma'aikaci ko ɗaya, kuma bai taɓa aiki a kamfanin wasanni ba. Shi ya rubuta umarnin da kwamfuta ke bi, shi ya zana kowane itace da kowace fuska, shi ya tsara kiɗan, shi ya rubuta duk kalmar da ke fita daga bakin mutanen cikin wasan. Kafin wata biyu ya cika an sayi kwafi sama da miliyan 1. Zuwa ƙarshen 2024 cinikin ya haura kwafi miliyan 41.

Jaridu sun fi son waɗannan alƙaluma, domin su ne masu daɗin kanun labari. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne shekara huɗu da rabi da suka gabaci wannan rana, lokacin da babu wanda ya san sunansa, babu kuma tabbacin aikin zai ƙare. A kan wannan nake son mu tattauna yau.

Amma bari mu fara da irin wasan, saboda iyayenmu da ke sauraro waɗanda ba su taɓa riƙe abin buga wasa ba. Wasannin kwamfuta iri-iri ne. Akwai na ƙwallo, akwai na tseren mota, akwai na harbe-harbe. Akwai kuma wani rukuni da masu harkar ke kira RPG a taƙaice, inda mai wasa yake shiga rigar wani mutum a cikin labari. Kai ne za ka sa masa suna, ka tafi da shi gari-gari, ka yi magana da mutane, ka zaɓi abin da zai faɗa da abin da zai yi. Yana farawa ba shi da komai, sai ya riƙa samun ƙwarewa da kaya da abokai gwargwadon yadda ka tafiyar da shi. Labari ne, amma ba a karanta maka shi, da ƙafarka kake shiga. Asalinsa ma ba a kwamfuta yake ba. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, wasan da abokai ke zama a kewaye da tebur da takarda da fensir, ɗaya yana ba da labari, sauran suna taka rawar jarumai. Da ƙananan kwamfutoci suka fara shiga gidaje, sai samarin da suka taso da wannan wasa suka ce me zai hana na'ura ta zama ita ce mai ba da labarin.

Ɗaya daga cikinsu Richard Garriott ne, ɗan jihar Texas. A 1979, yana ɗan shekara 18, ya rubuta wani wasa mai suna Akalabeth a kan kwamfutar Apple II. Ya kwafe shi a faifai, ya zuba a ledar da ake zuge bakinta, mahaifiyarsa ta zana masa hoton bango, ya rataye a shagon kwamfutar da yake aiki. Daga nan wani kamfani ya gani ya karɓa, daga nan kuma aka samu jerin wasannin Ultima da suka fara a 1981. Na kawo wannan ne don a san cewa wannan fanni tun farkonsa 'yan koyo ne suka assasa shi a ɗakunan kwanansu. Daga baya manyan kamfanoni suka shigo, musamman na Japan, da Dragon Quest a 1986 da Final Fantasy a 1987, har aka kai lokacin da wasa ɗaya ke cin ma'aikata ɗaruruwa da miliyoyin daloli. Mutane suka ɗauka zamanin mutum ɗaya ya wuce.

To, mu dawo kan Barone. Ya gama digiri a fannin kwamfuta a Jami'ar Washington reshen Tacoma a 2011. Ya nemi aiki, bai samu ba. Wannan kam ba sai na yi wa matasanmu dogon bayani ba. Sai ya ce bari ya ƙera ɗan ƙaramin wasa don hannunsa ya faɗa a yaren kwamfuta na C#, ya kuma samu abin nunawa idan ya je neman aiki. A lissafinsa, 'yan watanni sun isa.

Wasan da ya zaɓa ya kwaikwaya shi ne Harvest Moon, wani wasan noma na Japan da Yasuhiro Wada ya ƙirƙira a 1996. Barone ya taso yana son sa, musamman wanda ya fito a PlayStation, amma yana ganin waɗanda suka biyo baya sun yi rauni, kuma ba a samun irinsa a kwamfutar gida. Ya jira wani ya gyara, ba wanda ya gyara. Ina ganin wannan shi ne ginshiƙin al'amarin. Mutumin ya san abin da yake so sani na haƙiƙa, ya san inda tsohon wasan ya burge shi da inda ya gundure shi, domin ya ɓata shekaru yana buga shi. Kamfani sai ya biya kuɗi a yi masa binciken abin da jama'a ke so. Shi kuwa jama'ar da yake wa aiki mutum ɗaya ce, shi kansa, kuma mutum ne mai wuyar gamsuwa.

Bari in ɗan kai ku cikin wasan ku ga yadda yake. Yana buɗewa da wani tsoho a kan gadon ajali, ya miƙa wa jikansa wasiƙa a rufe, ya ce kada ya buɗe sai ranar da rayuwar zamani ta ishe shi. Sai a nuna jikan bayan shekaru, yana zaune a wani ɗan lungun ofis na katafaren kamfani mai suna Joja, shi da ɗaruruwan irinsa, kowa ya ƙura wa allo ido. Ya jawo durowa, ya buɗe wasiƙar, ashe takardar gadon gona ce a wani ƙauye da ake kira Pelican Town. Daga nan ragama ta dawo hannunka. Ka isa gonar ka tarar ta zama kurmi, duwatsu da kututture da ciyawa ko'ina. A aljihunka kuɗin wasa 500, a hannunka tsohuwar fartanya da gatari da butar ban ruwa, sai irin shuka guda 15 na wata saiwa mai kama da farin karas, kyautar magajin gari. Ka share ɗan fili, ka yi huɗa, ka shuka, ka ba da ruwa. A gefen allo akwai ma'aunin ƙarfin jikinka, kowane sara yana rage shi. In ka yi ganganci ka kai ƙarfe biyun dare ba ka kwanta ba, sai ka faɗi sumamme, ka farka an cire maka kuɗi. Bayan kwana huɗu ka cire amfanin farko ka sayar. In ka tafi sayen iri ranar Laraba, ka tarar shagon Pierre a rufe, domin ranar hutunsa ce.

Shekara a wasan yanayi huɗu ce, kowane kwana 28. Garin na da mutane fiye da 30, kowa da gidansa da sana'arsa da abin da yake so a ba shi kyauta da abin da ya tsana. Akwai wani dattijo da ke kwana a tanti a bayan gari, wasu na yi masa kallon banza. Akwai soja da ya dawo daga yaƙi, ƙarar fashewar masara a tukunya ma tana firgita shi. Akwai ramin haƙar ma'adinai mai hawa 120 zuwa ƙasa, inda ake faɗa da dodanni. Sannan akwai zaɓi babba: ko ka haɗa kai da mutanen gari ku farfaɗo da tsohon zauren taron jama'a da ya lalace, ko ka biya 5,000 ka zama ɗan ƙungiyar Joja, a mai da zauren rumbun ajiyar kaya.

Yanzu ku yi tunanin aikin da ke ƙarƙashin abin da na zayyana. An gina hotunan wasan ne da 'yan ƙananan murabba'ai, kowane ɗigo 16 a tsaye 16 a kwance, kuma ɗigo-ɗigo ake cika su da launi. Mutum ɗaya a cikin garin sai an zana shi yana tafiya gabas, yana tafiya yamma, yana fuskantarka, yana ba ka baya, kowanne da taku daban-daban don ƙafa ta yi kamar tana motsi. Sai an zana fuskarsa yana murmushi, yana fushi, yana jin kunya. Sai an rubuta masa jadawali: ƙarfe nawa yake fita daga gida ranar Talata, ina yake zuwa in ana ruwan sama, me yake cewa a lokacin sanyi wanda ba ya cewa a bazara, me zai ce maka in kun saba wanda ba zai faɗa wa baƙo ba. Ka gama wannan, saura mutum 30. Ga itatuwa da sai sun sauya kama sau huɗu a shekara. Ga kifaye, ga kaji, ga shanu. Ga kiɗa kusan 70. Barone bai iya zane sosai ba lokacin da ya fara. Da hannunsa ya faɗa, sai ya waiwaya ya ga zanen bara ya yi muni a idonsa, ya goge ya sake. Fuskokin mutanen garin ya sake su sau da yawa. Wannan ne ya mai da 'yan watanni suka zama shekaru. A cewarsa, kusan awa goma yake yi a rana, kwana bakwai a mako.

A nan ne nake son mu yi gaskiya, domin labarin "shi kaɗai ya yi" yana ɓoye wani abu. Wanda ya zauna awa goma a gaban kwamfuta ba albashi, wa ke biyan kuɗin haya? Barone ya riƙa aikin wucin gadi da yamma a gidan wasan kwaikwayo na Paramount da ke Seattle, yana nuna wa 'yan kallo kujerunsu. Abin da yake samu bai taka kara ya karya ba. Ɗan jarida Jason Schreier, a littafinsa Blood, Sweat, and Pixels na 2017, ya ba da labarin yadda abokiyar zamansa ta ɗauki mafi yawan nauyin gida, tana aiki tana karatu, da yadda suka zauna wani lokaci a gidan iyayensa don rage kashe kuɗi. Duk sanda aka tambaye shi yaushe zai gama, sai ya ce saura 'yan watanni. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru. Hannu ɗaya ne ya yi zanen, gaskiya ne. Amma akwai waɗanda suka ciyar da mai hannun, suka haƙura da shi, ba su ce masa ya tashi ya nemi aikin kirki ba, ko kuma sun faɗa amma ba su kore shi ba. Ban ga adalci a ba da wannan labari ba tare da su ba. Ga kuma abubuwan da shi bai ma lissafa su a matsayin gata ba: wutar lantarki da ba ta ɗaukewa, intanet mai ƙarfi, asusun banki da kasuwar duniya ke iya zuba kuɗi a ciki ba tare da wahala ba.

Akwai kuma taimako na sana'a. A 2013 masu amfani da Steam suka kaɗa masa ƙuri'a a wani tsari da ake kira Greenlight, wanda a lokacin shi ne ƙofar da ƙananan masu ƙira ke bi su shiga kasuwar. A shekarar ce wani ƙaramin kamfani na Landan mai suna Chucklefish ya karɓi ɗawainiyar talla da harkar takardu, shi kuma ya ci gaba da ƙira. Daga baya, da aka zo sa wasan a na'urori irin su PlayStation da Switch da wayar hannu, da kuma tsarin da abokai za su yi noma tare ta intanet wanda ya fito a 2018, wasu ƙwararru ne suka sa hannu.

Abin da ya fi burge ni a halin wannan mutum ya faru ne bayan fitar wasan. Wasan da mutum ɗaya ya gwada a ɗakinsa, in ya faɗa hannun mutum dubu ɗari, kurakuran da ke ɓoye sai sun fito. Haka aka yi. Wasu suka wayi gari gonar da suka yi kwanaki suna ginawa ta ƙi buɗewa. Barone ya ce su turo masa fayil ɗin, ya riƙa gyara wa mutane ɗaya bayan ɗaya da hannunsa, yana kuma sakin gyara a kai a kai cikin makonnin farko. Ga kuɗi na shigowa irin wanda bai taɓa gani ba, shi kuwa yana zaune yana ɗinke gonar wani baƙo da ya biya dala 15. Abin ya ci jikinsa, har sai da ya ɗan ja da baya a cikin shekarar saboda gajiya. Da ya dawo, ya ci gaba da ƙara wa wasan sababbin abubuwa: sabon tsibiri a Disambar 2020, wani babban ƙari a Maris ɗin 2024, shekara takwas bayan fitowar farko. Ko sisin kwabo bai ƙara caji a kan waɗannan ba. A kasuwar da kamfanoni da yawa ke sayar maka da wasa sannan su riƙa tatsar ka kuɗin riga da kuɗin takobi da kuɗin buɗe sabon babi, wannan riƙon amana ne, kuma ina ganin shi ya sa cinikin bai tsaya ba har yau. Wanda ya saya yakan gaya wa ɗan'uwansa.

Sai dai, jama'a, kada wani matashi ya ji wannan ya ɗauka hanyar arziki ce a shimfiɗe. Tun 2017 Steam ta soke ƙuri'ar Greenlight. Yanzu dala 100 za ka biya ka sa wasanka, kuma kamfanin Valve mai kasuwar yana ɗaukar kashi 30 cikin ɗari na ciniki. Da ƙofa ta buɗe, sai kowa ya shigo. A 2023 kaɗai an saki wasanni sama da 14,000 a wannan kasuwa, wato kusan 40 kowace rana. Mafi yawansu suna fitowa su nutse ba wanda ya ji ɗuriyarsu. A cikinsu akwai waɗanda masu su suka ba da shekaru kamar yadda Barone ya bayar, suka yi haƙuri kamar yadda ya yi. Duk wanda ya ce maka ƙoƙari kaɗai ya kai shi inda ya kai, bai gaya maka duka ba. Akwai gwaninta, akwai dacewa da lokaci, domin ya fito daidai lokacin da masu nuna wasa kai tsaye a Twitch da YouTube ke neman sabon abu, akwai kuma rabo.

To in haka ne, me ya sa nake ganin abin ya cancanci a ba shi lokaci a wannan fili? Saboda akwai abin da mutum ɗaya ke iya faɗa wanda kwamitin kamfani ba zai bari ya wuce ba. Ku ɗauki misalin Toby Fox, wani matashin Ba'amurke da ya fara da yi wa tsohon wasan EarthBound kwaskwarima don nishaɗi. A 2013 ya nemi gudummawar dala 5,000 a dandalin Kickstarter, aka tara masa sama da 51,000. A Satumbar 2015 ya saki Undertale, da taimakon mai zane Temmie Chang da wasu 'yan kaɗan. Shekara da shekaru ƙa'idar wasannin RPG ita ce ka kashe dodo ka samu ƙarfi. Fox ya tambaya, to in dodon yana da uwa fa, yana da abin da yake tsoro? Ya gina wasan da za ka iya gama shi daga farko har ƙarshe ba ka kashe kowa ba, ta hanyar magana da lallashi da sassauci. In kuwa ka zaɓi kisa, wasan ba ya mantawa, ko ka sake farawa. Da wuya babban kamfani ya zuba miliyoyi a kan irin wannan tunani. Yaro a ɗakinsa ba shi da wanda zai hana shi.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake so iyaye su lura da shi. Duk wanda ya gina duniya a cikin wasa, al'adarsa da tunaninsa yake shukawa a ciki, ko ya yi niyya ko bai yi ba. Pelican Town ƙauye ne irin na Amurka. Akwai mashaya a tsakiyar gari inda ake taruwa da yamma, akwai gidan caca a wani yanki, neman aure da zamantakewa duk bisa tsarin can suke tafiya. Akwai kuma abubuwan da kowane uba zai so ɗansa ya gani: gaida maƙwabci, kula da tsoho, haƙurin jiran shuka, fifita jama'ar gari a kan ribar kamfani. Uban da ya zauna kusa da ɗansa rabin awa yana kallon abin da yake bugawa zai fi sanin abin da zai ce masa, fiye da wanda ya ƙwace waya ya kulle a durowa. An fassara Stardew Valley a hukumance zuwa harsuna goma sha wani abu, har da Turkanci da Koriyanci, amma babu harshen Afirka ko ɗaya a ciki. Ban ɗora wa Barone laifi ba. Garinsu ya zana.

Wanda ya ji wannan giɓi a jikinsa har ya tashi tsaye yana nan kusa da mu, a Kamaru. Olivier Madiba ya fara ƙera wani wasan RPG a 2003 a matsayin ɗan koyo, shi da abokansa, don sha'awa kawai. A 2013 suka kafa kamfanin Kiro'o Games a Yawunde. Babu bankin da ke ba da rance don wasan kwamfuta, sai suka riƙa sayar da ƙananan hannun jari ga masu sha'awa ta intanet, suka kuma nemi gudummawa a Kickstarter a 2015. Ɗaukewar wuta ta sha tsayar musu da aiki. A Afrilun 2016, ƙasa da wata biyu bayan fitowar Stardew Valley, suka saki Aurion: Legacy of the Kori-Odan. Labarin wani yarima ne, Enzo, da amaryarsa Erine, waɗanda aka yi wa juyin mulki ranar ɗaurin aurensu da naɗin sarauta, kuma ɗan'uwan amaryar ne ya yi. Tufafi da gine-gine da kiɗa duk daga al'adun Afirka aka ɗebo su, ƙarfin jarumin kuma daga kakanninsa yake samo shi. Bai yi cinikin miliyoyi ba. Amma shekara 13 tsakanin farawa da fitarwa, a garin da wuta ke zuwa tana tafiya, kuma suka kai ƙarshe. A wurina wannan bai gaza na Seattle ba ko kaɗan.

Mu ma mun san irin wannan hali a wani fanni. A ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, da marubutan Kano irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu suka ga manyan kamfanonin ɗab'i ba su da lokacinsu, ai da kansu suka tara kuɗi suka kai maɗaba'a, suka rarraba a kasuwa. An raina su, har ƙungiyarsu ta ɗauki sunan Raina Kama. Amma su suka sa dubban mata da matasa karatun Hausa don daɗi. Ba su jira an ba su izini ba, kuma sun rubuta rayuwar da suka sani.

Kayan aikin ƙera wasa yau sun fi na zamanin Garriott sauƙi nesa ba kusa ba. Akwai RPG Maker, manhajar Japan da ta samo asali tun farkon shekarun 1990, wadda ke ba ka damar shimfiɗa gari da sa mutane da rubuta musu magana ba tare da ka ƙware a yaren kwamfuta ba. Da ita Kan Gao na Kanada ya yi To the Moon a 2011, labarin wani tsoho mai jiran ajali da burinsa na ƙarshe, wasan da ya sa manya kuka. Akwai Godot, wadda kyauta ce gaba ɗaya, kuma tana aiki a kwamfutar da ba ta da ƙarfi sosai. Akwai dandalin itch.io inda za ka ɗora wasanka ba ka biya ko sisi ba. Fara wasa ya zama abu mai sauƙi. Abin da bai sauƙaƙa ba shi ne gamawa. Masu harkar da kansu suna faɗa cewa kashi goma na ƙarshe ya fi kashi casa'in na farko cin rai: allon zaɓe-zaɓe, ajiye wasa a dawo a ci gaba, ƙofar da ke maƙale jarumi a bango, rubutun da ya fita daga akwatinsa. Babu daɗi a wannan aiki, babu abin nuna wa abokai. A nan ake barin yawancin wasanni su mutu a cikin kwamfuta.

Saboda haka in akwai ɗalibi ko ɗaliba da ke saurarena, mai wannan buri, shawarata kada ka ɗauki shekara huɗu da rabi na Barone a matsayin abin koyi. Shi kansa bai shirya hakan ba, faɗawa ya yi. Ka ƙera abin da za a gama bugawa cikin minti ashirin: unguwa ɗaya, mutum biyar, matsala ɗaya. Ka rubuta maganganun da harshen da kake mafarki da shi. Ka ba ƙanenka ya buga, ka zauna a bayansa ka yi shiru, kada ka nuna masa hanya, ka ga inda zai rikice. Ka gyara, ka sake shi ga jama'a ko da mutum goma ne za su sauke. Kada ka bar karatu ko sana'ar da ke ciyar da kai saboda shi. In kuma akwai wanda ke biya maka kuɗin data ko yake bar maka kwamfutarsa da dare, ka sa sunansa a jerin waɗanda suka yi aikin.

Shi kuwa Barone, tun Disambar 2018 ya fara karɓar ragamar buga wasansa da kansa daga hannun Chucklefish, ya kuma ɗauki 'yan mataimaka kaɗan don ci gaba da kula da Stardew Valley. A Oktobar 2021 ya sanar da sabon wasa mai suna Haunted Chocolatier, labarin mai sana'ar cakulan a wani tsohon gida mai fatalwa. Ya ce shi kaɗai yake ƙera shi kamar na farko, kuma wannan karon bai sa wa kowa ranar fitowa ba.